Yadda nake saita tsayin tsirkiya a jitar filamenko

Masu kaɗa filamenko a Andalusiya, kudancin Sifen, sauti mai kaifi suke nema, wanda zai fito da sauri ya ɗauke da sauri, kada ya danne muryar mawaƙi da dukan ƙafar mai rawa. Shi ya sa tsirkiyoyin jitarsu suke kwance kusa da wuya fiye da na jitar kilasik.

Kafin ka taɓa komai, ɗaura irin tsirkiyoyin da za ka riƙa kaɗawa, ka saita su, ka bar su su gama miƙewa. Sai ka ɗauko rular ƙarfe wadda awonta ya fara daga bakinta, ka dasa ta a kan firet na 12, wato na 12 cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, ka auna daga saman ƙarfen zuwa ƙasan tsirkiya. Ni abin da nake nema shi ne kusan milimita 3 a ta shida mai kauri, da 2.5 ko ƙasa kaɗan a ta farko siririya. A kilasik yawanci 4 da 3 ne.

Akwai awo na biyu da mutane ke tsallakewa, alhali a wurina shi ne ya fi nuna jitar filamenko ta gaskiya: nisan tsirkiya daga fuskar jita, dab da jaki, wato katakon da aka manne inda ake ƙulla tsirkiyoyi. Milimita 7 zuwa 8 ake so, na kilasik kuwa yakan kai 10 ko ya wuce. Wannan awon na hannun dama ne. Yatsan da ke kusa da ɗan ƙarami yana ƙwanƙwasa faifan robar da ke fuskar jita a daidai lokacin da babban yatsa ke kaɗa tsirkiya. In tazarar ta yi yawa, bugun zai makara, hannu kuma ya gaji tun ba a je ko'ina ba. Idan ka tarar awon jaki daidai yake amma na firet na 12 yana sama, matsalar daga karkatar wuya take. Kada ka goge komai, kai wa maƙerin jita, domin yawancin jitocin filamenko ba su da sandar ƙarfen da ake murɗawa a cikin wuya.

In dukkan awon biyu sun yi sama, sassauta tsirkiyoyi ka zare ƙashin da ke cikin jaki, wanda tsirkiyoyi ke hawa kansa. Lissafin ninki ne: don ka sauke rabin milimita a firet na 12, milimita ɗaya za ka cire daga ƙashin. Ja layi da fensir a gindinsa, ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ka riƙa goga gindin a tsaye cak, kana juya shi don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. Ka tsaya tun layin bai ɓace ba, ka mayar, ka kaɗa, ka saurara. Na fi son a ajiye ƙashin asali a yi aikin a kan sabo. Ka kuma lura tsirkiya ta ci gaba da lanƙwasawa sosai a bayan ƙashin. In ta kusa miƙewa sambal, sauti zai yi rauni.

Ƙashin saman wuya, wanda tsirkiyoyi ke bi ta kansa kafin firet na farko, gwajinsa gajere ne. Danne tsirkiya a firet na 3, ka leƙa firet na farko: tazarar kada ta wuce kaurin takarda, kada kuma ta taɓa.

’Yar zizar da ke fitowa idan ka watsa yatsu da ƙarfi, kada ka kore ta, cikin kiɗan take. Wadda ba a yarda da ita ba ita ce mai shaƙe sauti ko da ka taɓa a hankali. Gwada da maƙalar wuya, wato abin da ake maƙalawa ya danne dukkan tsirkiyoyi, a firet na 2 ko na 3, tunda mai raka mawaƙi da wuya ya rabu da ita.

Mai jita a Kano ko Maraɗi kuma ya yi la'akari da lokaci. Da hunturu katako yana bushewa, fuska ta lotsa, tsirkiya ta sauka. Da damina ya kumbura ta tashi. Saitin da aka yi ƙasa-ƙasa a watan Agusta zai shaƙe a Janairu. Ƙashi biyu nake ba da shawara, na rani ya ɗan fi tsayi, sannan a ajiye ɗanyen soso cikin roba mai huji a akwatin jitar.