Kafin ku kama hanyar Alice Springs

Duk wanda ya ɗan zauna a Sydney ko Melbourne, ba a jimawa abokan aiki za su fara ce masa bai ga Ostireliya ba sai ya leƙa tsakiyar ƙasar. Sun yi gaskiya. Garin da aka fi yada zango a can shi ne Alice Springs, kimanin kilomita 1,500 daga Adelaide, kusan haka kuma daga Darwin. Masu ƙasar, mutanen Arrernte, Mparntwe suke kiransa.

Ku tafi tsakanin Mayu da Satumba, lokacin sanyinsu ke nan. Ku riƙe rigar sanyi mai kauri, domin a Yuni da Yuli dare kan yi sanyin da ruwa ke daskarewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa zafi kan haura maki 40. Na san ɗan Sakkwato ko na Agadas zai ce wane zafi ne bai gani ba. To, ba zafin ne ke kisa shi kaɗai ba, rashin mutane ne. A gida in mota ta mutu a daji, ba ka rasa mai babur ko wata ruga a kusa. A nan sai ka yi tafiyar awa biyu ba ka ga ko bukka ba, waya kuma ba sabis. Layin Telstra ya fi kamawa, shi ma da an yi nisa da gari yake ɗaukewa. Ku cika jarkoki da ruwa, ku sha mai duk inda kuka ga gidan mai, ku gaya wa wani inda kuka nufa da ranar dawowa. In mota ta lalace, ku zauna kusa da ita, kada ku shiga daji da ƙafa neman taimako. Tuƙin magariba da na asuba ku haƙura da shi: lokacin ne kangaru da shanu da raƙuma ke tsallaka titi. Ƙudaje kuma, ku sayi ragar fuska kawai, ba abin kunya ba ne.

Abin kallo yana yamma da gari, a jerin duwatsun MacDonnell. Simpsons Gap, wata mashiga tsakanin duwatsun, bai kai kilomita 20 daga gari ba. Standley Chasm tsaga ce siririya tsakanin duwatsu biyu, wadda in rana ta take, bangonta sai ya yi ja wur kamar garwashi. 'Yan asalin ƙasar ne ke da wurin, su ke karɓar kuɗin shiga. Ellery Creek da Ormiston Gorge akwai ruwan wanka, amma sanyinsa na ratsa ƙashi ko da bazara. Dutsen Uluru yana da nisan kilomita 450 a mota, saboda haka ku shirya kwana.

Inda nake so ku fi buɗe kunne shi ne nan: wuraren nan suna da masu su, kuma suna raye. An mayar wa mutanen Anangu Uluru a 1985, sun yi shekaru suna roƙon baƙi su daina hawansa, sai a Oktoban 2019 aka rufe hawan. A gindin dutsen za ku ga alluna na hana ɗaukar hoto, saboda akwai wuraren maza zalla, akwai na mata zalla. Haka a Emily Gap, gabas da gari, inda aka zana tarihin tsutsar da Arrernte ke dangantawa da asalin yankin: a kalla da ido, a bar waya a aljihu. Shiga yawancin ƙauyukansu sai da takardar izini daga hukumar Central Land Council. Kada baƙar fata ta ruɗe ku ku ɗauka an zama ɗaya, mu ma baƙi ne kamar kowane Bature mai jakar goyo.

Wasu ɗabi'un ba za su yi mana wuya ba. Dattijo zai iya kau da ido yana magana da kai, ko ya yi shiru mai tsawo kafin ya amsa, kuma ladabi ne, ba wulaƙanci ba. Ba a ambaton sunan wanda ya rasu kwanan nan, ba a nuna hotonsa. Ba a ɗaukar mutum hoto sai an tambaye shi. In zanen ɗige-ɗigen nan ya ba ku sha'awa, ku saya a shagon da masu zanen suka mallaka, irin Papunya Tula da ke Todd Mall, titin shaguna na tsakiyar gari, don kuɗin ya isa hannun mai shi.

Musulmi ba baƙi ba ne a wannan daji. Tun shekarun 1860 aka fara kawo masu raƙuma daga Afganistan da yankin da ya zama Pakistan, su suka riƙa dakon kaya kafin jirgin ƙasa ya iso garin a 1929. Jirgin ma da sunansu ake kiransa, The Ghan. Akwai masallaci a unguwar Larapinta, ana Juma'a, kuma nan ne ya fi sauƙin tambayar inda ake samun naman halal. Da kun fita gari ba lallai ku samu ba, sai ku yi guzuri.

Da dare ku rage yawo a tsakiyar gari, ku kulle mota, kada ku bar jaka a kan kujera. A 2024 sai da hukuma ta sa dokar hana yara fita da dare saboda rikici. Lambar neman agajin gaggawa 000 ce.