Yadda ake gane cutar sikizofireniya

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna sikizofireniya, wadda wani nau'in taɓin hankali ce. Likita yana gano ta ne ta hanyar sauraron marar lafiya da waɗanda ke zaune da shi. Saboda haka, kafin ku je asibiti, ku rubuta abin da kuka gani: yaushe ya fara, yaya barcinsa, yaushe ya daina zuwa aiki ko makaranta, me yake sha.

Alamomi biyar ake dubawa. Akwai kafewa a kan abin da ba gaskiya ba, kamar ya ce ana bibiyarsa ko rediyo da shi yake magana, duk hujjar da aka kawo ba ta girgiza shi. Akwai jin muryoyi ko gane-gane, da maganar da ba kai ba gindi, da rikicewar ɗabi'a ko sandarewa wuri guda. Ta biyar ita ce aka fi sakaci da ita, domin ba ta da hayaniya: fuska ta daina nuna murna ko baƙin ciki, magana ta ragu, wanka ma ya gagara. Iyali kan ɗauka lalaci ne su yi ta faɗa, alhali ciwo ne, kuma sau da yawa da irin wannan janyewa yake somawa.

A ƙa'idar DSM-5, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi wajen gane cuta, sai an samu aƙalla biyu daga cikin alamomin nan na tsawon wata ɗaya, ɗaya daga cikinsu ta fito daga ukun farko, sannan matsalar ta kai wata 6 tana taɓa aiki ko mu'amala. Ita kuwa ICD-11, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wata ɗaya take nema.

Amfanin gwaje-gwaje shi ne kawar da masu kama da ita: tabar wiwi da ƙwayoyi, farfaɗiya, ƙari a ƙwaƙwalwa, tunjere, ƙanjamau. Idan muryoyin ba sa zuwa sai lokacin tsananin damuwa ko ɗoki marar iyaka, likita zai karkata ga wata cutar, maganinta kuma daban. Yawanci takan bayyana daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara 30, maza kan riga mata.

Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu tare da zazzaɓi ba ta jira, haka wanda muryoyi ke umartarsa ya cutar da kansa. A kai su asibiti a ranar.