Kada motarka ta dawo wayam

Salamu alaikum 'yan uwa masu tura kaya Kudu.

Kafin motarka ta tashi daga Dawanau, ka nemi lodin dawowa. Tun tana Kano, ba sai ta sauke a kasuwar Mile 12 ta Legas ba.

Ni da kaina na daɗe ina wannan asara. Mota ta kai wake Legas, ta juyo ba ko buhu ɗaya a bayanta, tafiyar kusan kilomita 1,000. Kuɗin dizal na zuwa da dawowa duk a kan wakena yake.

Yanzu ina kiran 'yan kamasho kwana biyu kafin lodi. Manja, garin rogo, goron Shagamu, kullum akwai mai neman motar Arewa. Abin da ya biya yakan rufe man dawowa, wani lokaci har da na abincin direba da yaron mota.

Ga kuma hayaƙi. Kowace lita ɗaya ta dizal tana fitar da iskar kabon fiye da kilo biyu da rabi. Idan motarka ta ɗauko kayan, an huta da tayar da wata.

Amma fa a kula. Motar da ta ɗauki taki ko maganin feshi, kada a zuba mata abinci sai an wanke ta sosai. Na taɓa ganin garin da ya iso yana warin kalanzir, mai shi ya ƙi karɓa.

In kuma jiran lodin zai wuce kwana uku, ka ce wa direba ya taho. Kuɗin fakin da zaman banza sun cinye ribar.