Faifan RW Yana Jan Ƙafa? Ku Daina Ɗora wa Direba Laifi

Na gaji da jin maganar nan a kan na'urar rubuta faifai da faifan RW, wato wanda ake gogewa a sake rubutawa: "An rubuta 48x a jikin na'urata, amma da na saka CD-RW sai ta tsaya a 4x, direban ne ya lalace." Daga nan sai a faɗa intanet neman sabon direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar, a kwaso tarkace, a ƙara jagula kwamfutar. Windows da Linux duk suna zuwa da direban da ke tafiyar da waɗannan na'urori, kuma ba shi ke yanke saurin rubutu ba. Faifan ne ke faɗin iyakarsa, manhajar da ke cikin na'urar kuma ta amince ko ta ƙi.

Ku fara da karanta lambobin saurin da ke jikin na'urar. Idan kun ga 48x/24x/48x, ta tsakiyar ce ta faifan da ake gogewa a sake rubutawa. Shi kansa CD-RW aji-aji ne: na farko 1x zuwa 4x, sai High Speed da ke farawa daga 4x, sai Ultra Speed mai kaiwa 24x. DVD-RW bai wuce 6x, DVD+RW kuma 8x. Faifan 4x ba zai yi gudun 24x ba ko da direba goma kuka canza.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shawarar nan da ake ta yaɗawa, wai a rubuta a 1x don aiki ya yi kyau. Wa ya gaya muku? Faifan RW ba rini ne a cikinsa ba kamar CD-R, gaurayen ƙarfe ne da hasken leza ke narkarwa, ya huce cikin wani ƙayyadadden lokaci. Saboda haka yana da iyaka ta sama, yana da ta ƙasa. Na taɓa rasa ajiyar aiki mai muhimmanci a kan haka: faifan High Speed, tsohuwar na'ura da ba ta san ajinsa ba, manhaja ta ce an gama lafiya, ranar da ake bukata kuma faifan ya ƙi buɗuwa. Tun daga lokacin nake duba tambarin ajin faifai da ke gaban na'ura, ina barin faifai ya yi gudun da aka yi shi dominsa, kuma ba na tsallake tantancewa bayan rubutu. A Linux, manhajar dvd+rw-mediainfo tana nuna saurin da na'urar ta yarda da shi ga faifan DVD ɗin da ke cikinta. Idan jerin ya yi ƙasa da abin da ke kan kwali, galibi na'urar ce ba ta gane shaidar faifan ba, sai a sabunta manhajar cikinta daga kamfanin da ya ƙera ta.

Wuri guda da tsarin kwamfutar ke da laifi da gaske shi ne komawa PIO, wato hanya mai jinkiri da furosesa ke jigilar bayanai da kanta. A Windows XP, idan na'urar IDE, wato mai tsohon nau'in mahaɗi, ta yi ta tuntuɓe wajen karatu, misali a kan faifai mai karce, bayan kuskure 6 tsarin yakan rage mata mataki, har ta sauka daga DMA, hanya mai sauri, zuwa PIO, ta zauna can. Alamar ba ta ɓuya: rubutu na rarrafe, furosesa ta cika, linzami na tsalle-tsalle. Kada ku goge Windows saboda wannan, don Allah! Ku buɗe Device Manager, ku cire tashar IDE da na'urar ke kai, ku sake kunna kwamfutar, za ta dawo da DMA.

Sauran ƙanana ne. Manhajojin rubuta faifai biyu ko uku a kwamfuta ɗaya sukan yi karo, ni guda nake bari. Na'urar waje a ramin USB 1.1 ba za ta kai ko 2x na DVD ba. Jan fayil a jefa cikin faifai kamar filashi ya fi rubutu lokaci guda jinkiri. Sauri yakan fara ƙasa ya hau yayin da rubutun ke nufar gefen faifan, wannan ba cuta ba ce.

CD-RW kuma yana tsufa. Kusan sau 1,000 ake cewa yana ɗaukar gogewa, amma karce da zafi kan kashe shi tun kafin nan. In cikakken gogewa bai gyara shi ba, ku kwashe abin da ya rage ku jefar da shi.