Yadda ake saita dikoda mai sauti a ɗan jirgin ƙasa, da abin yi in ta ƙi magana

Mu nan Maradi babu shagon da za ka shiga ka ce a ba ka dikoda, wato 'yar na'urar nan da ake sawa cikin ɗan jirgin ado tana tuƙa shi, sai dai ka yi oda ta intanet ko ka roƙi wani mai dawowa daga Faransa ko Jamus ya riƙo maka, to in ka ƙona ta kuwa ka shiga jiran watanni, ga kuɗin da ka zuba masu yawa. Shi ya sa duk abin da zan faɗa a nan yana komawa wuri guda: kar ka rubuta komai cikin dikoda sai ka karanta abin da ke ciki, kuma kar ka ɗora sabon jirgi a babban layi sai ka gwada shi a layin saiti, wato ɗan guntun dogon da ake warewa don gwaji.

Ga wanda bai san abin ba, ƙananan jiragen nan na ado da ake harhaɗa wa dogo a ɗaki nake nufi, galibi girman HO ne, wato an rage jirgin gaske sau 87, tsakanin ƙarfen dogon biyu milimita 16.5. Tsarin da ke tuƙa su ana ce masa DCC, asalinsa daga kamfanin Lenz na Jamus ne, sai ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi ƙa'idar kowa a shekarun 1990. Kuran yana kan dogo kullum, wajen bolt 14 zuwa 15 a HO, kuma umarni a cikin kuran ɗin yake tafiya daga santiral, wato na'urar da kake ba jirgi umarni da ita, zuwa dikodar da ke cikin kan jirgi. Dikodar ce ke juya inji, ta kunna fitila, in mai sauti ce ta yi ƙugin injin gazuwal ko huci irin na jirgin gawayi da usur da ƙarar birki.

Kafin komai duba abin da ke ba santiral ɗinka wuta. Namu bolt 220 ne, kayan Amurka kuma wasu 110 kaɗai suke ɗauka, ka karanta jikin sharjar, in an rubuta 100–240 shikenan. In da gurup kake aiki ko wutar tana rawa, gara ka bi ta istabilaiza ko batirin fano, musamman lokacin da kake loda sauti, don in wuta ta ɗauke ana tsaka da lodi sai ka sake daga farko.

Yanzu haɗi. In kan jirgin yana da soket aikin ya zo da sauƙi, sai dai ka san wane iri ne kafin ka yi oda, akwai mai ƙafa 8, akwai 21MTC, akwai PluX22, akwai Next18 na ƙananan jirage, kuma ba sa shiga na juna. Mai ƙafa 8 ɗin ana iya soka shi a juye, ba ya ƙona komai amma fitila ba za ta kama ba, ka nemi alamar ƙafa ta 1, nan wayar ruwan lemo take zama. In babu soket sai sudir, kuma launin wayoyin ƙa'ida ce: ja zuwa dogon dama, baƙa zuwa na hagu, ruwan lemo da ruwan toka zuwa inji, shuɗiya ita ce uwar fitilu, fara fitilar gaba, ɗorawa ta baya. Wayoyin lasifika su ne kowane kamfanin dikoda da nasa, na ESU ruwan ƙasa ne, na SoundTraxx da Zimo kuma shunayya. In fitilar LED ce kar ka manta rezistans, kamar ta om 1000, in ba haka ba ƙyaftawa ɗaya za ta yi ta mutu.

Abin da ya fi kashe dikoda shi ne a bar ƙafar inji tana taɓa ƙarfen jikin jirgi. Tsofaffin jirage da yawa haka aka ƙera su, kuran na bi ta jiki ya shiga inji kai tsaye. Ka ɗauki mita ka sa ta a inda take ƙara in waya ta haɗu, ka taɓa kowace ƙafar inji da kowace taya, in ta yi tsiii to tsaya, ba a gama ba, sai ka raba su tukuna. In hannunka na rawa da ƙarfen sudir kar ka ji kunya, kai wa masu gyaran salula na babbar kasuwa, aikin da suke yi kullum ya fi wannan ƙanƙanta, kai dai ka zauna kusa kana nuna masa waya ɗaya ɗaya. A wajensu kuma za ka samu sikoc ɗin nan mai ruwan zuma da ba ya jin zafi. Amma jikin ƙarfen jirgin ake mannawa, ba a naɗe dikodar da shi, tana buƙatar shan iska, ka tuna zafin Afrilu da Mayu a garin nan da ke wuce digiri 40, a ɗaki mai rufin kwano kuwa ba a magana.

Layin saiti ɗan guntun dogo ne da ka ware, ka jona shi a bakin da santiral ta tanada don haka. Kuran da ke zuwa can kaɗan ne, ko da ka yi kuskuren haɗi da wuya ta ƙone. Ɗora jirgin ka karanta CV8. Su CV ɗin nan wasu ma'ajiyai ne masu lamba a cikin dikoda, kowace da aikinta. CV8 tana faɗa maka kamfanin da ya ƙera: 151 ESU ne, 145 Zimo, 141 SoundTraxx, 129 Digitrax, 99 Lenz. Wannan yana da amfani ƙwarai in jirgin na hannu ka saya ba takarda. Sai CV1, lambar jirgi, sabuwar dikoda da 3 take zuwa. In waɗannan biyun sun karantu, haɗin dogo da na inji lafiya lau.

In bai karantu ba kar ka yanke hukunci ta mutu. Yadda dikoda take amsawa shi ne ta ɗan fizgi kuran ta cikin inji, wajen miliamfa 60 na ɗan ƙyaftawar ido, shi ya sa kake ganin jirgin na ɗan zabura lokacin karatu. Kenan in wayar inji ta cire ba za ta iya amsawa ba ko da lafiyarta ƙalau. Wani lokacin kuma santiral ɗin ce ba ta da ƙarfi, don masu sauti suna da kondansata da ke shan kuran da yawa a farko, tsofaffin santiral sai su ɗauka haɗuwar waya ce. Akwai ƙarin na'ura don haka irin su PTB-100 ta SoundTraxx, ko kuma ka rubuta a babban layi, sai dai can ba ka iya karantawa in ba kayanka na da RailCom ba, wato tsarin da ke ba dikoda damar maido amsa a babban layi, kuma ka tabbata lambar jirgin da kake nufi ka danna.

Maganar lamba, CV1 ba ta wuce 127. In kana son doguwar lamba sai CV17 da CV18. Yawancin santiral su ke yin lissafin da kansu amma yana da kyau ka iya. A ce 1234 kake so, raba da 256, ya ba ka 4 saura 210, sai ka tara 4 da 192 ka sa 196 a CV17, ka sa 210 a CV18. Nan mutane da yawa ke tsayawa su ce jirgi ya ƙi jin sabuwar lamba, alhali ba su gaya wa CV29 ba.

CV29 ɗin nan ita ce mai rikita mutane don abubuwa da yawa ne aka tara a lamba guda. Kowane abu da ƙimarsa, sai ka tara na waɗanda kake so. 1 juya gaba ya zama baya, 2 matakan gudu 28 ko 128, 4 yarda ya yi tafiya a tsohon tsari na kuran zalla wanda ba DCC ba, 8 RailCom, 16 jadawalin gudu na musamman, 32 doguwar lamba. Kenan gajerar lamba da matakai 28 da tsohon tsari ya zama 6, in ka ƙara doguwar lamba 38. Ni shawarata ka cire 4 ɗin nan in ba kana da layin tsohon tsari ba, ka bar 2 ko 34, don shi ne ke sa wani lokacin jirgi ya kwasa a guje da kansa in wuta ta ɗan yanke ta dawo, ka ga ya faɗo daga tebur ka rasa abin da ya faru. In kuma ka ga fitila tana kamawa tana mutuwa duk lokacin da ka ƙara gudu, matakai ne ba su dace ba, dikoda na kan 14 santiral na kan 28, ka duba 2 ɗin.

Gudu kuwa CV2 ita ce ƙarfin tashi, CV5 ƙarshen gudu, CV6 tsakiya, CV3 jinkirin ɗaukar gudu, CV4 jinkirin tsayawa. A mai sauti CV3 da CV4 su ne gishirin abin. In ka bar su ƙasa jirgi zai zabura kafin ƙugin inji ya tashi, ya tsaya cak kafin birki ya yi kuka, ba daɗin ji. Ƙara su kaɗan kaɗan har sai ka ga sauti da tafiya sun jitu. Masu LokSound, wato dikodar sauti ta ESU, suna da wata dabara: sa 0 a CV54, ɗora jirgi a doguwar miƙaƙƙiyar hanya, danna maɓallin F1 a santiral, zai fizga da gudu na ɗan lokaci ya tsaya, ya auna injinsa da kansa kenan. Ka bar masa fili sosai a gaba fa.

To sauti. Jirgi na tafiya amma shiru, abu na farko maɓalli. Fayilolin Turai galibi F1 ke kunna sauti, na Amurka F8, a can F1 ƙararrawa ce F2 kuma usur. Sai ƙarfin murya: a ESU CV63, a SoundTraxx CV128, a Zimo CV266. Daga kamfani da ƙarfi suke zuwa, ka rage zuwa wajen rabi, kunnenka zai huta, lasifikar ba za ta yi karkarwa ba, dikodar ma ba za ta yi zafi sosai ba, ga maigida da ke barcin rana a ɗakin kusa. In duk wannan daidai ne sai ka cire waya ɗaya ta lasifika ka auna ta da mita. Yawancin na yanzu om 4 ne ko 8, amma tsohuwar LokSound V3.5 om 100 take so, in ka ba ta mai 8 ka kashe bangaren sautinta. Kuma wayoyin lasifika biyu kar su taɓa juna ko wani ƙarfe alhali da wuta, ko na daƙiƙa guda.

In sauti na fita amma siriri kamar kukan sauro, akwati ne babu. Lasifika tsirara ba ta da murya, don iskar gabanta da ta bayanta na kashe juna. Dole a rufe bayanta ruf da ɗan akwati, a toshe ko'ina har ramin da waya ta fito. Ƙananan nan masu milimita 11 da 15 irin na cikin salula, in aka rufe su da kyau za ka yi mamakin muryar da ke fitowa. Ka riƙa leƙa fuskarta kuma, maganaɗisunta na janyo ɓarɓashin ƙarfe daga kan dogo, shi ke sa ka ji tana shashsheƙa. Jirgin gawayi mai silinda biyu huci huɗu yake yi a kowane zagayen taya, a ESU CV57 da CV58 ke daidaita wannan, ka sa shi a gudu mafi ƙanƙanta kana kallon sandar taya kana ƙirgawa.

Amma wallahi matsalar da ta fi damun mu a nan ba ta CV ba ce. Jirgi na cikin tafiya sauti ya yanke, inji ya sake tashi daga farko kamar yanzu aka kunna shi, mutum ya yi ta jagwalgwala lambobi a banza. Ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauka, ko ka rufe taga da ƙofa sai ka shafa yatsa a dogo ka ga ja. Jirgi marar sauti yana iya tsallake ɗan wurin da ba kuran ba ka lura ba, mai sauti kuwa tona asiri yake. Samu tsumma mai laushi da alkol irin na masu gyaran salula ka goge dogo, kar ka sa sanfefa, tana karce ƙarfen ƙura ta ƙara samun wurin zama. Na tayoyi kuma ka jiƙa ɗan ƙyalle ka shimfiɗa a kan dogo, ka ɗora rabin tayoyin a kai rabin a kan ƙarfe, ka riƙe jirgin da hannu ka ba shi gudu, za ka ga baƙin layi biyu sun fito a ƙyallen. Juya shi ka yi wa sauran. Sannan ka duba siraran tagullan da ke gugar bayan taya, nan zare da gashi ke naɗewa, da hantsaki ake zaro su. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa, in ya yi yawa ya haɗu da ƙura ya zama taɓo. Ka saba rufe layin da tsohon zane in ka gama.

In kana da hali ka ƙara masa ma'ajin kuran, ESU na ce wa nasu PowerPack, TCS Keep-Alive, SoundTraxx CurrentKeeper, yana riƙe jirgin na 'yan daƙiƙu ya haye wurin datti ko mararraba. Wasu irinsu masu waya biyu suna hana karatu a layin saiti, in ka ga haka ka san dalili.

In komai ya dagule, jirgi ya ƙi jin kowace lamba, kafin ka goge duba CV19, in ba 0 ba ce to an ɗaure shi da wani jirgin ne, wannan lambar yake saurare. In kuma rubutu ne ya ƙi shiga duba CV15 da CV16, makulli ne, sai sun zama iri ɗaya yake buɗewa. In duk ba su ba ne sai a mai da ta yadda ta fito daga kamfani: a ESU da Zimo da SoundTraxx da Digitrax ka rubuta 8 a CV8, a Lenz 33. Ɗauke jirgin daga dogo ka mayar, ka kira shi da 3. Wannan ba ya share sautin da aka loda, saitinka kaɗai ke tafiya, shi ya sa nake cewa ka ajiye ɗan littafi, duk CV da za ka taɓa ka rubuta tsohuwar lambarta, kuma ɗaya ɗaya ake canzawa ana gwadawa. Mai kwamfuta ya sauke JMRI, kyauta ce, ɓangarenta na DecoderPro yana karanta duka CV ya adana maka su a fayil. Canza sautin kansa kuwa a LokSound sai da LokProgrammer ta ESU, ba lallai kowa ya saya ba, in mutum ɗaya na da ita a gari ta ishi kowa, sai a riƙa kai masa jirgin.