Matakan neman gurbin koyon aikin gwajin barci daga Sakkwato

Mai wannan aiki shi ne ke kwana yana lura da numfashi da bugun zuciyar majiyyaci yayin da yake barci, kuma da yawa daga makarantun koyar da shi suna Amurka.

Da farko, ka tabbatar hukumar CAAHEP, mai tantance kwasa-kwasan fannin lafiya a Amurka, ta amince da kwas ɗin makarantar, domin hakan zai sauƙaƙa maka zama jarrabawar RPSGT, wato ta samun takardar shaidar ƙwarewa a wannan aiki, bayan ka kammala. Na biyu, ka tanadi sakamakonka na WAEC ko NECO. Na uku, ka yi kwas ɗin ceton rai na BLS, wanda takardarsa ke aiki shekara 2.

Sannan ka je asibiti a yi maka gwajin tarin fuka da rigakafin ciwon hanta nau'in B. Wannan matakin ne ya fi bukatar a fara shi da wuri, saboda allura 3 ce ake yi cikin wata 6.