Yadda ake mayar da tsohon keken ɗinki mai moto ya koma na ƙafa

Keken da nake ɗinki da shi a shagona a Anguwar Rogo ta Jos na mahaifiyata ne, Singer baƙi mai adon ruwan zinare. Da moto a bayansa ya zo gidanmu. Moton na wutar Amurka ne mai bolt 110, aka jona shi a tamu mai 230, nan take ya ƙone. Shekaru ya yi a ƙarƙashin gado ana cewa keke ya mutu, alhali moto ne kawai ya mutu. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tada janareta don riga ɗaya ya zama asara, sai na jawo shi na ɗora kan teburin ƙafa. Tun ranar bai ɓata mini aiki ba.

Kafin ka kashe ko sisi, juya keken ka duba bayansa, domin ba kowane kan keke ne ke karɓar wannan aikin ba. Idan moton a waje yake, ƙusa ɗaya ta riƙe shi a jikin keken, ɗan bel na roba ya haɗa shi da wilin hannu, to ka dace. Haka yawancin Singer 15 da 66 da 201 na masana'antar Clydebank ta Sikotlan suke, masu harafin K bayan lamba, haka ma takwarorinsu na Japan da suka kwaikwayi samfurin 15. Amma idan moton a cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe yake, manne da wilin, ba bel ko kaɗan, kamar 15-91 da 201-2, da haƙoran giya yake juyawa, ka bar shi yadda yake. Singer 99 kuma ƙarami ne, zai faɗa cikin ramin tebur na yau da kullum, sai dai kafinta ya yanka masa fuskar tebur daidai jikinsa.

Sai neman ƙafa da tebur. Masu gyaran keke da 'yan gwangwan ba sa rasa tsofaffin ƙafafu. Ka zaga Dilimi da Katako, ka tambayi tsofaffin teloli na wajen Masallacin Juma'a. Teburin keken Butterfly galibi yana karɓar kan Singer babba, tunda a kan samfurin 15 aka ƙera Butterfly ɗin. Duk da haka kada ka yi kintace. Ka auna gindin kekenka, wanda kan kai kusan inci 14 da rabi a tsawo, inci 7 a faɗi, ka auna tazarar ramuka biyun nan na baya inda hinji ke shiga, ka tafi da tef. Ƙafar ƙarfen zubi ce, tana tsagewa, kuma waldarta ba ta cika riƙewa ba, don haka ka goge tsatsa ka duba kowace gaɓa. Ka taka fedar ba bel: babban wili mai lafiya zai ci gaba da juyawa bayan ka ɗauke ƙafa. In yana girgiza, akwai ƙusa mai noti a gefensa da kuma gefen feda biyu, ka ɗaure kaɗan-kaɗan har girgizar ta tafi amma juyi bai yi nauyi ba. Ka wanke gaɓoɓin da kananzir, su bushe, ka ɗiga mai.

Cire moto ba ya ɗaukar minti goma. Zare filogi tukuna. Kwance ƙusar da ke ƙasan wilin hannu, ka zame bel ɗin roba, moto da fitila da wayoyinsu su fita gaba ɗaya. Wayar da ta shekara hamsin robarta ta riga ta ruɓe, kada ka bar fitilar da sunan za ta yi amfani.

Wilin hannu ne wurin da za ka ɗan tsaya. Kekunan moto da yawa wilinsu ƙarami ne, shafaffe ba ƙafafu. Zai ja bel, amma ba shi da nauyin da zai ɗauke allura ta ratsa kauri, sai ka ji keke yana tsayawa a kan kalmasa. Wili mai ƙafafu irin na keken ƙafa ya fi, kuma masu gyara suna da shi. A tsakiyar wilin akwai farin murfi mai 'yar ƙusa. Sassauta ƙusar, ka warware murfin, za ka ga wata wosha mai kunnuwa uku a waje, biyu a ciki. Ka lura da yadda take zaune, kunnuwan ciki suna kallon waje. Ja wilin ya fito, shafa mai a sandar, sa sabon, mayar da wosha da murfi. Idan ka sassauta murfin don naɗin bobin amma allura ta ƙi tsayawa, fito da woshar ka juya ta rabin zagaye ka mayar. Abin da ya fi ba mutane haushi a nan shi ne manaɗin bobin, domin tayarsa ta roba ba lallai ta taɓa sabon wili ba. Ni nakan sayi wili da manaɗinsa tare, daga kai ɗaya.

Ɗora kai kan tebur aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya zura hinji biyu cikin ramukan baya, a kwantar da kan a ɗaure ƙusoshinsu ta ƙasa. Kafin ka taɓa bel, ɗaura ƙusa a bakin zare ka sako shi daga kwarin wilin sama ta cikin ramin tebur. Ya kamata ya sauka daidai kwarin babban wili. In ya kauce, kwance tebur daga ƙafa ka gusa shi, ko da sai an huda sababbin ramuka. Keken da bel ɗinsa ke yawan faɗuwa, daga nan matsalarsa take.

Bel na fata ne, mulmulalle, kaurinsa kusan milimita 5, tsawonsa wajen inci 72, da 'yar ƙugiyar waya a baki ɗaya. Zura shi ta ramukan tebur biyu, ya zagaye wilin sama da na ƙasa, ka haɗa bakin biyu su hau juna, ka yi alama. Yanka da saura, domin abin da ka rage ba ya dawowa. Huda bakin da siririyar ƙusa kamar rabin santimita daga ƙarshe, a tsakiya sosai, sa ƙugiya, amma kada ka matse sai ka gwada. In ya ɗaure da yawa, gwiwa za ta gaya maka kafin azahar. In ya yi sako-sako, wilin ƙasa zai gudu ya bar na sama. Wanda ya yi daidai shi ne mafi sassaucin da ba ya zamewa idan ka sa yadi ninki huɗu. Sannan ka matse ƙugiya da filaya.

Wanda ya saba da moto sai ya koyi taku. Cire zare, ɗaga ƙafar danna yadi, ka ja wilin hannu da hannun dama ya juyo wajenka, sannan ƙafa ta karɓa, ɗaya gaba ɗaya baya a kan feda. In wili ya koma baya da zare a jiki, zare zai tsinke ya cukurkuɗe a wajen bobin, shi ya sa nake sa yarana su yi kwana biyu suna taka keke ba zare, sannan su bi layi a kan takarda, kafin su taɓa shaddar mutane.

Man keke kaɗai za ka ɗiga, ban da man gyaɗa da baƙin mai, kuma kada ya taɓa bel. Sabuwar fata tana miƙewa, musamman da daminar Jos, don haka bayan mako biyu za ka buɗe ƙugiya ka rage kamar santimita ɗaya. Da hunturu kuma takan bushe ta tsage a wajen hudar, sai ka yanke wurin ka huda sabo. In za ka rufe shago ka sauke bel ɗin daga babban wili ya kwana a sake.